Tarihin Masu Taɓin Hankali da Suka Tsaya wa Junansu

A watan Janairun 1831 aka kai wani tsohon hafsan soja mai suna John Perceval gidan ajiye masu taɓin hankali na Brislington, kusa da birnin Bristol a Ingila. Ba ɗan talaka ba ne. Mahaifinsa, Spencer Perceval, shi ne firaministan Biritaniya da aka bindige a harabar majalisa a 1812, lokacin John yana ɗan shekara 9. Gidan ma na masu hannu da shuni ne, kuɗi mai tsoka ake biya. Duk da haka an sa masa rigar nan mai ɗaure hannuwa, an ɗaure shi a jikin gado, an riƙa tsoma shi cikin ruwan sanyi da ƙarfin tsiya, ma'aikata kuma suna dukansa. Daga nan aka mayar da shi wani gidan a Ticehurst, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai 1834.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya zauna ya rubuta abin da ya gani. Kashi na farko ya fito a 1838 ba tare da sunansa ba, na biyu kuma a 1840 da sunansa ɓaro-ɓaro. Perceval bai taɓa musun cewa ya yi ciwo ba. Da bakinsa ya faɗi cewa ya ji muryoyi, har ya bi umarninsu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda ya taɓa zama ya yi masa bayanin abin da za a yi masa da dalilin yin sa, kuma a gabansa ake tattauna al'amarinsa kamar ba ya wurin.

Wannan shi ne ƙullin da ya sha kan duk wanda aka laƙaba wa hauka, a Turai ne ko a ƙasar Hausa. Daga ranar da sunan ya kama mutum, shaidarsa ta faɗi. In ya ce an doke shi, a ce ciwon ne yake magana. In ya fusata saboda an ƙi sauraronsa, a rubuta cewa ciwon ya tashi, a ƙara masa magani. Mutum ɗaya ba ya iya kwance wannan ƙulli, amma idan goma suka fito daga gidaje daban-daban suka ba da labari iri ɗaya, ƙaryata su sai ya yi wuya. A kan haka ne a 1845 Perceval da wasu da aka taɓa kullewa, tare da 'yan'uwan wasu da ke kulle, suka kafa ƙungiyar Aminan Waɗanda Ake Zargi da Hauka a Landan. Cikinsu akwai Richard Paternoster, wanda mahaifinsa ya sa aka kulle shi kwana 41 bayan sun sami saɓani a kan kuɗi.

Jaridar The Times ta yi musu ba'a, likitoci suka ɗauke su 'yan neman fitina. Su kuwa suka duƙufa. Suna shiga gidajen mahaukata, suna bin kadin mutum ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaukar lauya, suna damun majalisa da takardun koke. Buƙatunsu ba masu wuyar fahimta ba ne: kada a kulle mutum sai an kai maganarsa gaban alƙali, a gaya masa abin da ake zarginsa da shi, a bar wasiƙarsa ta fita ba tare da an tare ta ba. A 1859 Perceval ya ba da bahasi gaban kwamitin majalisa. Ƙungiyar ta mutu a shekarun 1860, shi kuma ya rasu a 1876. Sai a 1890 dokar Ingila ta wajabta samun izinin majistare kafin dangi su kulle ɗan'uwansu a irin waɗannan gidaje, shekara 14 bayan an binne mutumin da ya fi kowa nacin a yi haka.

A Amurka mace ce ta ɗauki wannan tuta. Elizabeth Packard matar wani fasto ce a jihar Illinois, uwar 'ya'ya shida. Ta saɓa wa mijinta a kan aƙida, ta kuma faɗi ra'ayinta a bainar jama'a. Dokar jihar a lokacin ta ba miji damar kai matarsa asibitin mahaukata ba tare da irin hujjar da ake nema a kan sauran mutane ba, muddin shugaban asibitin ya amince. Haka aka yi a 1860, ta kwashe shekara uku a asibitin Jacksonville. Da aka sallame ta, mijin ya kulle ta a ɗaki ya buga wa tagogi ƙusa. Ta samu ta zura wasiƙa ta kafar taga, wasiƙar ta kai hannun wata ƙawarta, alƙali ya ba da umarnin a kawo ta gabansa. A Janairun 1864, bayan kwanaki ana sauraron shaidu, masu taya alƙali yanke hukunci suka keɓe na minti bakwai kacal suka dawo da cewa lafiyarta ƙalau. Ba ta koma gida ta yi shiru ba. Ta riƙa bin jihohi tana sayar da littattafanta, tana ganawa da 'yan majalisa, har Illinois ta yi doka a 1867 da ta ba duk wanda ake zargi da hauka, har da matan aure, damar a saurari shari'arsa a fili.

Labarin Clifford Beers kuwa darasi ne na wani fannin. Ya gama jami'ar Yale, ciwo ya kama shi a 1900, ya yi shekara uku a asibitoci uku, a ɗaya daga ciki an sa masa rigar ɗaure hannu dare 21 a jere. Littafinsa na 1908 ya girgiza Amurka, kuma a 1909 ya kafa kwamitin ƙasa na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Don maganarsa ta karɓu sai ya jawo manyan likitoci da attajirai. Sun kawo kuɗi da martaba, sun kuma karɓe linzami. Ƙungiyar tana nan har yau da sunan Mental Health America, ta yi ayyukan alheri da yawa, amma cikin shekaru kaɗan da kafa ta ta tashi daga muryar wanda aka ɗaure ta koma muryar masana.

A 1955 mutum wajen 559,000 ne ke kwance a asibitocin mahaukata na jihohin Amurka. Bayan bayyanar sababbin magunguna da sauyin manufofin gwamnati aka fara sallamar su, dubbai suka fito ba gida, ba aiki, ba mai tambayar su yadda suka kwana. Zamanin kuma na gwagwarmaya ne, baƙaƙen fata suna neman 'yancinsu, mata suna neman nasu. A 1970 wasu tsofaffin majinyata suka kafa ƙungiya a Portland, a 1971 aka sami irinta a New York da Boston, a 1972 jaridarsu mai suna Madness Network News ta fara fita daga San Francisco. A Biritaniya majinyatan asibitin Hartwood da ke Sikotilan sun kafa tasu a 1971, na Landan suka bi sahu a 1973.

Yadda ta birnin Vancouver na Kanada ta faro ya isa a tsaya a kai. Wasu da ke zuwa asibiti da rana suna komawa gida sun ga 'yan'uwansu suna hallaka kansu a ƙarshen mako, lokacin da asibitin yake rufe. Sai suka yi musayar lambobin waya, don duk wanda abin ya yi wa nauyi ya sami wanda zai kira. Daga wannan takarda ta lambobi aka sami ƙungiya a 1971, mai wurin zama da ke buɗe dare da rana da gidajen kwana, inda membobi ne suke zaɓen ma'aikata da ƙuri'a.

Wadda ta tattara wannan tunani ta ba shi tsari ita ce Judi Chamberlin. A 1966, tana da shekara 21, ta yi ɓari, damuwa mai tsanani ta kama ta, ta kai kanta asibiti da ƙafarta. Bayan 'yan watanni sai ta tarar an mayar da zaman nata na dole, ba ta da ikon fita. A littafinta na 1978, On Our Own, ta kafe a kan cewa taimakon da mutum ba shi da ikon ƙin karɓa ba taimako ba ne, kuma wuraren da tsofaffin majinyata suke gudanarwa da kansu suna iya riƙe mutum a lokacin da ya fi shiga ruɗani. Ta kuma yi gargaɗi cewa duk ƙungiyar da ta buɗe wa likitoci ƙofar shugabanci, ko da masu kyakkyawar niyya ne, ƙarshenta majinyata su koma 'yan kallo. Mai ɗaki, in ji Bahaushe, shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyar da ta shiga a Boston ta riƙa shiga asibitin jihar tana wayar wa majinyata kai game da haƙƙinsu, daga nan aka sami ƙarar da Ruby Rogers da wasu mutum shida suka shigar a 1975. A 1979 kotun tarayya ta yanke cewa, in ba a halin gaggawa ba, majinyaci yana da ikon ƙin maganin da ake ɗura masa.

Ba a rasa saɓani a cikin gida ba, kuma saɓanin na gaske ne. Wasu suna ganin a rushe ilimin likitancin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, wasu kuwa magani ya cece su, abin da suke nema kawai a riƙa shawara da su. Iyaye ma, waɗanda su ne suke kwana a farke idan ciwo ya tashi, sau da yawa ra'ayinsu a kan tilasta magani ya bambanta da na 'ya'yansu. Da gwamnatoci suka fara ba da kuɗi sai wata tambayar ta taso. Jihar Georgia ta fara biyan tsofaffin majinyata albashi daga asusun inshorar lafiya na gwamnati a 1999, ta yaye rukunin farko na masu takardar shaida a 2001. Ci gaba ne babba, domin ciwon da ake ɓoyewa ya zama abin da ake nema a takardar neman aiki. Sai dai wanda asibiti yake biya ba kullum yake iya ɗaga murya a kan asibitin ba, shi ya sa ƙungiyoyi masu zaman kansu ba su zama abin yarwa ba.

A 1991 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar majinyata da tsofaffin majinyata ta duniya a Meziko, Mary O'Hagan ta ƙasar New Zealand ta fara jagorantar ta. Wakilanta sun zauna a teburin da aka rubuta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a Disambar 2006. Sashe na 12 ya ce naƙasa ba ta ƙwace wa mutum matsayinsa a gaban doka, abin da ake bukata shi ne a tallafa masa ya yanke shawararsa. Nijar ta tabbatar da amincewarta a 2008, Najeriya a 2010, Gana a 2012. A Afirka kuma an kafa ƙungiyar nahiya a Kampala a 2005. A asibitin Butabika na Yuganda waɗanda suka murmure suna komawa su zauna da na kwance, suna kuma bin su gida bayan sallama. A arewacin Gana ƙungiyoyin taimakon kai da kai na marasa lafiya da masu jinyarsu sun yaɗu a garuruwa da ƙauyuka.

Najeriya ta daɗe a baya. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, ita ta ci gaba da aiki sama da shekara 60, kuma tsare mutum ta sani, ba warkar da shi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28, ta tarar da mutane cikin sarƙa a asibitoci da gidajen gyaran hali da na masu maganin gargajiya da na addini. A shekarar ce 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna. Mai karatu a Arewa ba ya bukatar a fassara masa mari ko turu.

A watan Fabrairun 2020 Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016 bayan an tabbatar mata da nata ciwon, ta tsaya gaban 'yan Majalisar Tarayya a zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudurin sabuwar doka. Ita ce ta farko da ta yi haka a matsayin mai fama da lalurar, ta nemi a gyara ƙudurin ya dace da yarjejeniyar da ƙasar ta sa wa hannu. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokar hannu a Janairun 2023. Ta haramta ɗaure marasa lafiya da sarƙa, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun tallafi, ko da yake ta bar ƙofar tilasta magani a buɗe.

Dokar tana bukatar masu bin kadinta a asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri, kuma babu wanda ya fi cancanta da wannan aiki kamar waɗanda suka kwanta a gadajen nan suka tashi. Da yawansu suna cikin gari, malamai ne da 'yan kasuwa da matan aure, suna shan maganinsu a ɓoye don gudun a fasa auren 'ya'yansu ko a kore su daga aiki. Shugabannin asibitocin su ware musu ɗaki da rana su riƙa haɗuwa, su ba su kujera a kwamitin sauraron koke, su kuma bar su su zaɓi masu magana da yawunsu da kansu. Iyalan da ke da mara lafiya a gida kuma, kafin su yanke inda za a kai shi, su fara tambayarsa abin da yake so.