Uba da Karatun Ɗansa: Tarihin Koyarwa a Gida a Ƙasar Maska

Ƙasar Maska tana kudancin Katsina, cikin yankin nan da mutanen dā su ke kira Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai danƙo ce, mai riƙe ruwa. Ƙasa ce ta dawa da auduga, garin Maska kuwa tsohon gari ne wanda ya yi suna wajen saƙa da rini. A zamanin Turawa aka mai da mazaunin Sarkin Maska Funtuwa, sa'an nan hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta can daga Zariya, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Tun kafin waɗannan abubuwa, har da daɗewa bayansu, yawancin yaran wannan ƙasa ba su taɓa zama a aji ba, amma kuwa ba a bar su haka nan ba koyarwa. Nufinmu cikin wannan takarda shi ne mu duba yadda magidanci ya ke yi da yaron da ya tasa, watau mai shekara 12 zuwa 18, da irin tambayoyin da su ke damunsa. Za a ga gida makaranta ne ƙwarai, amma uba bai taɓa ɗaukar aikin shi kaɗai ba. Babban aikinsa shi ne ya san ranar da ya kamata ya miƙa yaro, da hannun da zai miƙa shi.

Wa zai koyar?

Misalin da ya fi fitowa fili yana cikin gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda tutarsa ta kai Katsina a hannun Malam Umaru Dallaji, littattafan gidansa kuma suka zama abin karatu a zaurukan malaman ƙasar. An haifi Shehu cikin 1754. Wajen mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani, sa'an nan ya koma wajen baffansa Usmanu Binduri ya karanta Muhtasar, daga baya ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu wajensu, wanda Mervyn Hiskett ya buga tare da fassara cikin 1957. A ciki ya nuna shi ma wajen mahaifinsu ya yi Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga wansa Usmanu. Abin lura a nan shi ne mahaifin nasu malami ne, sunan Fodiyo ma ma'anarsa ke nan da Fulatanci, amma duk da haka da yaro ya kusa balaga sai ya sake masa hannu.

Akwai dalilan da suka sa talakawa ma su ke yin haka. Na fari shi ne kunya. Bisa al'adar Hausawa da Fulani, iyaye ba su sakin jiki da ɗan fari, ba su ko kiran sunansa, sau da yawa ma kakanni ko gwaggo su ke ɗaukarsa riƙo bayan yaye. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, aka buga cikin 1954, ta yi bayanin wannan kunya da riƙo filla-filla. To, mutumin da ba ya iya zama tabarma ɗaya da ɗansa, yaya zai biya masa allo? Na biyu, tausayi. Iyaye sun san idon uba ba ya ganin laifin ɗa sosai, uwa kuwa ta kan ɓoye, don haka su kan ce ɗa ya fi jin maganar baffa ko kawu. Na uku, karatun uba yana da iyaka, wanda ya tsaya a Risala ba zai kai ɗansa Muhtasar ba.

Saboda haka in yaro ya kai munzali a kan kai shi zauren wani malami cikin gari, ko a haɗa shi da malamin da zai tafi ci-rani. Masu neman hadda gabas su ke nufa, wajen Haɗeja da Barno. Masu neman fiƙihu da nahawu kuwa ga birnin Zazzau kusa, ga kuma Birnin Katsina, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani.

Me za a koyar, kuma yaushe?

Wannan tambaya ba ta cika wahal da iyayen dā ba, gama tsarin a shimfiɗe ya ke, kowa ya san shi. Yaro ya kan fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya iya haɗa baƙi, sa'an nan ya bi izu 60 har ya sauke. Bayan sauka sai littattafai, daga ƙanana zuwa manya: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har Muhtasar ga wanda Allah ya ba nisa. A kan haɗa da Ishiriniya wajen yabo, da Ajuruma wajen nahawu. Ita Risala, wadda Ibn Abi Zaidin Ƙairawani ya wallafa a ƙarni na 10, don koyar da yara aka yi ta tun asali. Ba aji, ba ƙararrawa. Kowane ɗalibi da littafinsa da wurin da ya tsaya, malam ya karanta ya fassara masa da Hausa, in ya gane ya wuce, in bai gane ba gobe ya sake. Mai kaifin kai ba ya jiran mai nauyin kai, shi kuma ba a jansa da ƙarfi.

Abin da ya fi wuya shi ne lokaci. Saurayi ɗan shekara 15 ƙarfin gida ne, cikin gandun ubansa ya ke. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, da Polly Hill, wadda littafinta a kan Batagarawa ya fito cikin 1972, duk sun bayyana sharuɗɗan gandu: ɗa ya yi aikin gonar gida daga safe zuwa wajen azahar, sauran yini nasa ne ya je gayaunarsa, uba kuwa shi ke da ciyarwa, da kayan aiki, da biyan haraji, da yi masa auren fari. Karatu sai ya nemi wuri a tsakani, watau da asuba kafin fita, da dare a bakin wutar kara, sai kuma rani. A kan huta Alhamis da Juma'a. Ƙasar auduga tana da nata nauyi, domin ana gama girbin dawa ga tsinkar auduga ta tsaya, ranin da wasu ƙasashe su ke samu cikakke, nan sai an gutsure shi. Da kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, auduga ta zama hanyar kuɗin haraji, hannun yaro ya ƙara tsada a gona.

Sana'a ita ce rabin karatun da uba ya ke riƙewa a hannunsa. Ɗan masaƙi ya kan fara da wadari, ɗan marini da ɗiban ruwa da kawo toka da baba, ɗan maƙeri da zuga. Ba a yi masa dogon bayani, kallo ya ke yi har hannunsa ya faɗa. Nan ma in ya ƙi jin magana a kan tura shi wajen wani ɗan'uwan sana'a ya zama yaronsa.

Ta yaya uba zai san an iya? Shaida a bainar jama'a ta ke. Ranar sauka yaro ya karanta allonsa mai zayyana gaban malamai, a yi sadaka. Wanda ya yi nisa malaminsa ya ba shi izini ya koyar, a san daga wa ya ɗauka, shi ma daga wa. Masaƙi kuwa kasuwa ce alƙalinsa.

'Ya mace

Duk abin da muka faɗa game da miƙa yaro, ga 'ya mace hanyar ƙunci gare ta. Yarinya ta kan je makarantar allo tana ƙarama, amma a kan aurar da ita tana da shekara 13 ko 14, kafin ta sauke. Ba ta zuwa ci-rani, ba ta zama zauren malami. Uwa da kaka da uwar riƙo su ke koya mata girki da kaɗi da lissafin talla, sauran kuwa sai abin da uba ko miji ya sani, in ya ga dama. Shehu Usmanu ya yi wa malaman zamaninsa faɗa mai zafi a kan wannan cikin Nurul Albabi, ya zarge su da koyar da almajirai a waje don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a gida ta yi karatunta duka, ta yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma gidansu cike ya ke da malamai maza da mata, ita ma ta gane ba kowace ke da wannan gata ba. Don haka ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, watau dattijan mata masu zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauye har cikin gida. Ta ga inda gida ya kasa, ta aika masa da malami daga waje.

Zuwan boko

Turawa sun ci Katsina cikin 1903. Gwamna Lugga ya ƙiyasta makarantun allo na Jihar Arewa sun kai 25,000, almajiransu sun haura 200,000. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909, aka kafa Kwalejin Katsina cikin 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wajen 1930 kuma aka fara makarantun 'yan mata a Kano da Katsina. A ƙauye kuwa dagaci a ke ce wa ya kawo yara kaza, iyaye na ɓoyewa. An sha ɗora wannan a kan jahilci kawai, amma in an duba za a ga wani abu. A dā uba shi ke zaɓen malami, ya san gidansa, ya san littafin da za a karanta, ya san ranar da yaro zai komo gona. Makarantar En'e ta karɓe waɗannan duka uku a lokaci ɗaya, ta kuma zo da rubutun da uban ba ya iya dubawa. Tsoronsa na mutumin da aka karɓe wa linzami ne.

Sannu a hankali aka ga amfani, gama mai takarda shi ke zama malamin haraji, ko malamin auduga, ko akawun tasha. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita cikin 1939, suka shigar da boko zaure. Wasu samari ma daga gida su ke karatu ta gidan waya su ɗauki jarrabawar Ingila. Cikin 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, dokar 2004 kuma ta wajabta wa iyaye su kai yaro firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, ta sa horo a kan wanda ya ƙi. Daga nan tambayar uba ta sake. Dā cewa ya ke, wa ya san yarona ya iya? Yanzu kuwa sai ya ce, ina takardar shaida?

Abin da ya rage mana

Kada a ɗauka wannan zance ya wuce. Cikin Maris 2020 aka rufe makarantun Nijeriya wata da watanni saboda annobar korona. Ran 11 ga Disamba na shekarar kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, aka sako su bayan kwana shida, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. Iyaye da yawa suka wayi gari ga samari da 'yan mata zaune a gida, tsofaffin tambayoyin nan suka komo: wa zai koyar, me za a karanta, yaushe, wa zai shaida?

Tarihi bai ce uba ya rungumi aikin shi kaɗai ba, gama ko Malam Fodiyo bai yi haka ba. Gidan dā ya ci nasara ne inda abu uku suka haɗu: jerin karatu da kowa ya sani, da dangi ko maƙwabta masu ilmi da za a miƙa wa yaro, da shaidar jama'a a ƙarshe. Inda ɗaya ya ɓace, kamar yadda ya faru ga yawancin 'yan mata, karatu ya kan tsaya a gajere. Malaman kwalejojin horon malamai su ne su ke shirya waɗanda za a miƙa wa 'ya'yan mutane. Ya kamata su koya musu su riƙa nuna wa uba abin da a ke karantawa da inda ɗansa ya tsaya, ko da shi bai iya boko ba, su san lokacin shuka da na tsinkar auduga, su kuma yarda a same su a zaure in makaranta ta rufe. Uban da ya san malamin ɗansa ba ya ɓoye ɗa a rumbu. Allah ya sa mu dace, amin.