Shanyar Barkono a Soron Iya

Yau mun ɗan jingine labarin soyayya, zancen barkono za mu yi.

A Kongo na tashi, nan Tudun Wadar Zariya, kusa da makarantar koyon mulki da ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Da hunturu ya kama, soron kakata Iya ja wur yake komawa. Buhu guda take saye lokacin da kayan lambu suka yi araha, mu zauna mu tsince ruɓaɓɓu, a tsaga tattasai biyu, shi kuwa ƙaramin barkono a baza shi yadda yake a kan tabarma. Aikina korar kaji da juya shanya, ga atishawa har da hawaye. Kafin magariba a kwashe saboda raɓa. Sai ta damƙa ta ji yana ƙaras-ƙaras, 'ya'yan ciki suna kaɗawa, sannan ta yarda a ɗura a buhu.

Na daɗe ina zaton tun fil azal Bahaushe yake da barkono. Ashe baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka, mutanen Meksiko sun yi dubban shekaru suna nomansa. Bayan tafiyar Kolombus ta 1492 Turawa suka ɗauko irinsa, jiragen 'yan Fotugal suka yaɗa shi gaɓar Afirka da Indiya a ƙarni na 16, daga baya ya hauro ƙasarmu. Kafin zuwansa da masoro da kimba da citta ake ƙona harshe, kuma har gobe suna cikin yajin jego. Baƙon nan ya tarar da mutanen da suka riga suka gwanance da shanya, masu kuka da busasshiyar kuɓewa da kilishi, ga rana kyauta, ga iskar hunturu mai zuƙe ruwa. Shi ya sa ya zauna daram kamar ɗan gida, har muka manta da baƙuncinsa.

Mu 'yan zamani muka raina abin. Aka rushe soraye aka buga kwano, aka ce miyar busasshen kaya ta yi baƙi, sai ɗanye. Ni kaina ina cikin masu faɗin haka, Allah Ya yafe mini.

Shekarar 2016 ce ta ladabtar da ni. Tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin a watan Mayu. Kayan miya suka gagari talaka, ga azumi ya ƙarato. Maƙwabciyata, wata dattijuwa mai kauɗa da tattasai a ɗaka, ita ta riƙe tukunyata wata guda cur.

Da sanyi ya dawo na ce ni ma zan yi. Garaje ya sa na ɗaure tattasai a leda da sauran danshi a jikinsa. Bayan wata biyu na buɗe, fumfuna ta yi masa fari fat. Na so in wanke in daka, dattijuwar ta riƙe hannuna.

"Ke 'yar nan, zubar da shi. Wannan ba ya wankuwa."

Gaskiyarta, domin wata fumfunar tana barin dafin da ke lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe shi. Rabin buhu na juye a bola ina ƙwalla.

Bana a kan rufin kwano na shanya, na shimfiɗa buhunan algarara, 'yata Ummi ke hawa tsani tana juyawa.