Man Itanol daga Masara: Wa Zai Ci Riba, Wa Zai Ji a Jikinsa?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ake ta maganar neman abin da zai rage wa fetur nauyi. Ɗaya daga ciki shi ne itanol, man da ake samu idan an niƙa masara, aka jiƙa ta, ta tsimu, sannan aka tace. Akan gauraya shi da fetur, kashi 10 cikin 100, wanda ake kira E10.

Buhun masara mai kilo 100 yana ba da kusan lita 40 na itanol. Ragowar kuma ba a zubarwa: ana samun kimanin kilo 30 na dusa mai gina jiki, wadda ake ba shanu da kaji.

Amurka ce gaba a wannan harka. Dokokin 2005 da 2007 sun tilasta gauraya man, yanzu ƙasar tana yin kusan galan biliyan 15 a shekara, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na masararta can yake tafiya. A jihohi irin su Iowa, manomi ya samu mai saye a kusa da gonarsa, direbobi da ma'aikatan masana'anta suka samu abin yi. Sai dai masara ta yi tsada, har jama'a suka fito zanga-zanga a Meziko a 2007 kan tsadar abinci.

A Najeriya, gwamnati ta fitar da tsarin irin wannan mai a 2007, kamfanin NNPC na kan gaba, amma an fi karkata ga rogo da rake. A Igbesa ta Jihar Ogun akwai kamfanin Allied Atlantic da ke yin itanol daga rogo.

To ina masara? Mu duba Jos. Masarar da ke fitowa daga Mangu da Saminaka tana da masu jiranta tun kafin ta bushe. Kamfanin Grand Cereals na Bukuru yana yin abincin kaji da ita, NASCO na sarrafa ta, masu kiwon kaji sun cika Filato, ga 'yan kasuwarmu da ke lodinta zuwa Legas da Ibadan. A unguwa irin Congo-Russia kuwa, ita ce tuwon dare, ita ce kokon safe, ita ce jarin mai gasawa a bakin titi. Idan masana'antar mai ta shigo layi, manomin Mangu zai yi dariya, amma magidanci a Congo-Russia ko Sabon Ibadan zai ji a mudu da kiret ɗin ƙwai.

Bambancin yana gona. Manomin Amurka yana girbe kusan tan 11 a hekta ɗaya, namu kuwa wajen tan 2. Su rararsu suke ƙonawa a mota, mu abin tukunya ne.

Don haka ɗan'uwa mai harkar hatsi, idan ka ji ana maganar itanol, tambayi abin da aka tanada na taki, iri mai kyau, rumbun ajiya da tsaron manomi a gonarsa. Sai waɗannan sun samu masara za ta ishi tukunya har ta kai tankin mota.