Yadda kotunan Ostireliya ke bitar soke biza bisa dalilin rashin halin kirki

A ƙasar Ostireliya, mutum zai iya shafe shekaru 40 yana zaune, ya yi aure ya haifi 'ya'ya, amma muddin bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, zamansa na rataye ne a wuyan biza. Sashe na 501 na Dokar Shige da Fice ta 1958 ya bai wa ministan da ke kula da shige da fice, ko jami'in da ya wakilta, ikon soke bizar duk baƙon da ya gaza cin abin da dokar ta kira gwajin hali.

Hanya mafi sauƙi ta faɗuwa wannan gwaji ita ce a yanke wa mutum hukuncin ɗaurin watanni 12 ko fiye. Akwai kuma zargin alaƙa da masu aikata laifi, da fargabar cewa mutum zai zama barazana ga jama'a. Tun daga watan Disamba na 2014, soke bizar ya zama tilas ga wanda ke da irin wannan hukunci kuma yake cikin gidan yari, sai dai ya rubuta cikin kwanaki 28 ya nemi a janye matakin. 'Yan ƙasar New Zealand ne suka fi kowa faɗawa wannan tarko.

Idan jami'i ne ya yanke shawarar, ana iya kai kuka ga kotun bitar shawarwarin gwamnati, wadda ake kira ART a taƙaice tun watan Oktoba na 2024. Ita tana sake auna komai: girman laifin, makomar ƙananan yara, da daɗewar mutum a ƙasar. Kwanaki tara kacal ake bayarwa a shigar da ƙorafi. Idan kuwa minista ne da kansa ya sa hannu, wannan ƙofa a rufe take, sai dai a nufi Kotun Tarayya cikin kwanaki 35.

A nan ne masu ƙara da dama ke cin karo da abin da ba su zata ba. Alƙali ba ya tambayar ko korar ta dace ko an yi rashin tausayi. Abin da yake dubawa shi ne ko mai yanke shawarar ya tsaya cikin iyakar ikon da doka ta ba shi. Idan ya fahimci doka a karkace, ko ya yi biris da wata muhimmiyar hujja da aka gabatar masa, ko ya hana mutum damar kare kansa a inda doka ta wajabta, ko ya yanke hukuncin da hankali ba zai ɗauka ba, to shawarar ta rushe. Majalisar dokoki ta taɓa yunƙurin toshe wannan hanya, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulki bai yarda a hana ta duba irin waɗannan kurakurai ba.

Shari'ar Dokta Mohamed Haneef ta nuna yadda abin ke aiki. Likita ne ɗan Indiya da aka kama a filin jirgin saman Brisbane a watan Yulin 2007, saboda dangantakarsa da wasu 'yan uwansa biyu da aka zarga da hannu a yunƙurin kai hare-hare a Birtaniya. A ranar da kotu ta ba da belinsa, Minista Kevin Andrews ya soke bizarsa bisa dalilin alaƙa da waɗanda ake zargi. Mai Shari'a Jeffrey Spender ya rushe matakin a watan Agusta, inda ya ce ministan ya yi amfani da ma'aunin da ba shi ba, domin alaƙar da ba ta shafi laifi ba, irin ta zumunci kawai, ba ta isa ta ɓata halin mutum ba. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ta kuma sha kaye a watan Disamba.

Sai dai nasara a kotu ba ta nufin magana ta ƙare. Kotu kan mayar da batun ne ga hukuma domin a sake dubawa, kuma babu abin da zai hana a sake soke bizar ta hanyar da ta dace da doka. A shari'ar Carrascalao, minista ya sake soke biza 'yan sa'o'i bayan kotu ta rushe sokewar farko. Alƙalai uku na Kotun Tarayya suka ce a 2017 lokacin bai isa a ce ya nazarci ɗaruruwan shafukan da ke gabansa ba, suka sake rushe shawarar.

Yayin da ake wannan ja-in-ja, mai ƙara yana tsare ne a cibiyar tsare baƙin haure, wani lokaci na tsawon shekaru. A watan Nuwamba na 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba za a ci gaba da tsare mutum ba idan babu alamar za a iya fitar da shi daga ƙasar nan kusa, lamarin da ya sa aka saki mutane fiye da 100, akasarinsu waɗanda aka soke wa biza ko aka hana su saboda wannan gwaji na hali.