Gyaran Wutsiyar Ƙaramin Jirgin Sama Ƙirar Gida: Abin Da Ke Cinyewa Da Yadda Ake Magance Shi

Mu mazauna Agege jirgin sama ba baƙonmu ba ne, tunda filin jirgi na Murtala Muhammed da ke Ikeja maƙwabcinmu ne. Tun ina yaro, in an aike ni abbatuwa ta Oko-Oba, rabin tafiyar kaina a sama yake. Daga nan na kamu da karance-karance a kan ƙananan jirage. Kwanakin nan ana ta turo bidiyon matasanmu da suka harhaɗa jirgi da injin babur ko na mota, kowa na yaba musu, kuma sun cancanci yabo. Sai dai na lura injin da fiffike kawai ake tambaya, babu mai tambayar wutsiya. Alhali in inji ya mutu a sama, matuƙi na iya lallaɓa jirgi ya sauke shi a fili. In kayan wutsiya suka saki kuwa, sai wani ikon Allah. Shi ya sa na tattara wannan bayani wuri ɗaya.

Mene ne jirgi ƙirar gida?

Jirgi ne da mutum ke harhaɗawa da hannunsa, ko dai daga zanen da ya saya, ko daga kayan da kamfani ya yanka ya aiko masa a akwati. Cibiyar wannan harka Amurka ce. Dokarsu ta ce dole mai jirgin ya yi fiye da rabin aikin da kansa. Ƙungiyarsu mai suna EAA an kafa ta a 1953, kuma duk shekara a ƙarshen watan Yuli suna babban taro a garin Oshkosh.

Samfurin da ya fi yawa shi ne RV na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa. Fiye da 10,000 daga cikinsu an kammala sun tashi. Mu ma muna da alaƙa da shi: jirgin Air Beetle da aka harhaɗa kusan guda 60 a Kaduna, wanda Rundunar Sojan Sama ta Najeriya ta koyar da sababbin matuƙa da shi a shekarun 1990, daga samfurin RV-6A aka samo shi. Don haka da shi zan riƙa ba da misali.

Yadda wutsiya ke aiki

A bayan jirgi akwai ƙaramin fiffike a kwance, akwai wani a tsaye. Nauyin jirgi ya fi rinjaya gaba kaɗan, don haka na kwancen ke danna baya ƙasa ya daidaita shi, kamar dutsen sikeli. A gefensa na baya an maƙala wani faifai mai motsi sama da ƙasa, ana ce masa elebeta. In matuƙi ya jawo sandar tuƙi, elebeta ta ɗaga, iska ta danna wutsiya, hanci ya tashi. In ya tura sanda gaba, hanci ya sunkuya. Faifan da ke jikin fiffike na tsaye kuma shi ne rada, da ƙafa ake taka shi, yana juya hanci dama ko hagu.

A jirgin RV, bututun alminiyam ne ke haɗa sandar tuƙi da elebeta, rada kuma kebul ne na ƙarfe ke jan ta. A bakin elebetar hagu akwai wani ɗan harshe da ake kira tirim, aikinsa rage wa matuƙi nauyin sanda don kada hannunsa ya gaji. Sannan akwai dalma da aka ɗaure a gaban elebeta don daidaita nauyinta. Ku riƙe waɗannan biyun, tirim da dalma, za mu dawo kansu.

Abubuwan da ke cinyewa

1. Kan sanda mai boris. Ɗan ƙwallon ƙarfe ne mai rami a cikin zobe, ɗan uwan kan tayarod na mota. Shi ne a ƙarshen kowane bututu, kuma a RV shi ne hinjin elebeta. In ya ci sai ya fara wasa.

2. Ramin noti. In noti bai ɗauru da kyau ba, yana ta goga har rami ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai.

3. Noti mai roba a ciki. Robar ce ke hana shi kwancewa. In aka yi ta kwance shi ana mayarwa, ko ya tsufa, ya daina riƙo.

4. Hinjin tirim da 'yar sandar da ke tura shi. Waya ce siririya a cikin hinjin, ita da ramukanta duk suna ci.

5. Kebul da 'yan tayoyin da yake bi ta kansu. Silin wayar na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, galibi a inda kebul ya lanƙwasa.

6. Ƙashin fiffiken kansa, wato dogon ƙarfen cikinsa. Shi tsagewa yake yi. A 2014 kamfanin Van's ya fitar da sanarwa biyu yana umartar masu wasu samfuran RV, har da RV-6, su duba tsaga a ƙashin gaba na fiffiken kwance da kuma ƙashin elebeta kusa da hinji.

Yanayi ma na da hannu. Nan Legas da Fatakwal laima da gishirin teku ke kawo tsatsa. A Arewa kuwa ƙurar hunturu ke shiga giris ta mai da shi kamar sanfefa.

Me ya sa ɗan wasa kaɗan ke kisa?

Na taɓa rako shanun babanmu daga Arewa a wata tirelar haya. Tun kafin Mokwa sitiyari ke ƙara ƙwas-ƙwas, direba ya ce ba komai, ya cusa robar tayar ciki a kan tayarod ya ɗaure da waya. Ba mu yi nisa ba kan ya fice. Allah ya taimaka a hankali muke tafiya, muka gangara gefen titi, muka kwana biyu a daji, sa ɗaya ya karye dole aka yanka shi. To ka ga mota tana da gefen titi. Jirgi ba shi da shi.

Kuma a jirgi akwai abin da ya fi ficewar ƙarfe saurin ɓarna, wato karkarwa. In faifai yana da wasa, iska mai gudu za ta buga shi sama, ya dawo ƙasa, ta sake bugawa, kamar yadda tamfol ke kaɗawa a bayan tirela in igiya ta saki. Kowane bugu ya fi na baya ƙarfi. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan ƙarfe ya karye. Dalmar nan da na ambata da kuma tsaurin haɗin tirim su ne ke hana hakan.

Ranar 16 ga Satumba 2011, a gasar tseren jirage ta Reno a jihar Nevada, wani tsohon jirgin yaƙi samfurin P-51 da aka yi wa sauye-sauye, mai suna Galloping Ghost, yana gudun sama da kilomita 800 a awa sai hancinsa ya ɗaga ba zato. Matuƙin, Jimmy Leeward, ya fita hayyacinsa, jirgin ya faɗo kusa da 'yan kallo. Shi da mutum 10 suka rasu, fiye da 60 suka jikkata. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano robar notunan da ke riƙe tirim ta lalace, sukurori suka saki, karkarwa ta shiga. Notunan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Manyan jirage ma ba su tsira ba. Ranar 31 ga Janairu 2000 jirgin Alaska Airlines mai lamba 261 ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya, mutum 88 suka rasu, saboda zaren notin da ke motsa fiffiken wutsiya ya cinye don ƙarancin giris.

Yadda ake dubawa

Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe sandar tuƙi gam, ɗaya ya kama bakin elebeta da yatsu ya motsa ta a hankali, sama da ƙasa, sannan gefe da gefe. In ka ji ƙwas, ko ta motsa alhali sanda na tsaye, sai ka bi haɗin gaɓa-gaɓa kana ɗora yatsa a kan kowane boris har ka gano inda wasan yake.

Shi tirim awo ake yi masa da ruula. Littafin gyara na hukumar FAA ta Amurka ya ce wasan bakinsa kada ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na faɗinsa, gwargwadon tsawonsa. Wato in faɗinsa santimita 10 ne, iyakarsa milimita 2, wani ma 1.

Sai a cire murafen wutsiya a leƙa da tocila da ɗan madubi. Baƙin gari da ya yi zirin layi a bayan ribit ko noti alama ce cewa ƙarfe na gogar ƙarfe. Tsaga kuwa siririya ce kamar gashi, sai an goge wurin an sa gilashin ƙara girma, ko ruwan kala na musamman da ke shiga cikinta ya bayyana ta. Kebul kuma tsumma ake bi da shi, duk inda ya sarƙe akwai tsinkakken sili. Kada ka bi da hannu tsirara, zai yanke ka.

Yadda ake gyara

Ƙa'ida ta farko: abin da ya ci, sauya shi ake yi. Ba a cusa masa roba, ba a bubbuga zoben boris da guduma don ya matse.

Kan sanda mai boris: a auna tsawon da tsohon ya fito kafin a kwance, a sa sabo iri ɗaya daidai wannan awo, a ɗaure notin da ke kulle shi. Wasu na da ɗan ramin shaida a jiki. In siririyar waya ta wuce ta cikinsa, zaren bai shiga yadda ya kamata ba. Ana kuma sa faffaɗan washa a gefe, ta yadda ko ƙwallon ya fice sanda ba za ta zame ba.

Noti: na jirgi daban yake da na Ladipo ko Owode Onirin, ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Ana kiransu AN. Mai lamba AN3 kaurinsa 3/16 na inci, ana ɗaure shi da sifana mai awo tsakanin 20 da 25 na ma'aunin inci-fam. AN4 kuwa rubu'in inci ne, 50 zuwa 70. Wannan ɗauri ne mai sauƙi, hannun da ya saba da notin taya zai wuce shi bai sani ba. Noti mai roba in ya shiga da yatsa kawai, ya mutu, a jefar. Inda kuma ƙarfen ke juyawa a kan notin kansa, mai baka-baka ake sawa a soke shi da sabon fin.

Ramin da ya faɗaɗa: ko a sauya ƙarfen gaba ɗaya, ko a gyara ramin zuwa girma na gaba, ko a sa bushin, amma sai in naman da ya rage a gefe ya isa kuma mai zanen jirgin ya yarda.

Tsaga a ƙashi: a nan 'yan uwana masu walda za su so kawo wuta. Don Allah a'a. Alminiyam ɗin da ake jikin irin waɗannan jirage da shi, mai lamba 2024-T3, walda na kashe ƙarfinsa. Faranti ake ɗorawa a kama shi da ribit yadda kamfani ya zana, ko a sauya ƙashin.

Kebul: ba a ƙulla shi, sabo ake sawa. Abin ɗaure shi a tsakiya kada zare fiye da 3 ya rage a waje, sannan a kulle shi da waya.

Hinjin tirim: a sauya wayar, in ramukan sun buɗe a sauya hinjin duka, a tabbatar an kame bakin wayar don kada ta zare.

Bayan an gama

In an yi faci ko fenti a elebeta, dole a sake gwada daidaiton nauyinta da dalmar, domin fenti ma nauyi ne. A auna iyakar motsinta. A RV-6 kimanin digiri 25 zuwa 30 ne sama, 20 zuwa 25 ƙasa. A jawo sanda a gani da ido cewa elebeta sama ta yi, don an sha haɗa kaya a juye. A ƙirga sifanu, kada wata ta kwana a ciki ta maƙale tuƙi. Sai wani mutum daban, wanda bai sa hannu a aikin ba, ya bi kowane noti ya duba. A rubuta komai a littafin jirgi. Tashin farko kuma matuƙi shi kaɗai, yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan.

A Amurka duk wata 12 sai an yi wa irin wannan jirgi cikakken bincike, kuma wanda ya ƙera shi na iya samun takardar izinin yin hakan. A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba jirgi rajista da izinin tashi, ita ce kuma ke ba injiniyoyi lasisi. Mai son koyon aikin da gaske, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tana nan tun 1964, ana koyar da gyaran jirgi a can.

Ga ƙannena masu ƙere-ƙere, ku ci gaba, amma kafin kowa ya hau abin da kuka ƙera, ku kama bakin wutsiyar ku girgiza. In ta amsa muku da ƙwas, aiki bai ƙare ba. Iyayenmu a kara ba sa sayen sa sai sun zagaya bayansa sun duba ƙafafu. Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka a sana'o'inmu.