Tsiron Tafin Ƙafa da Magungunansa a Ƙasar Kabi

Masu rubuta tarihin Kabi sun fi mayar da hankali kan Muhammadu Kanta da ganuwar Surame da yaƙe-yaƙen Argungu da Gwandu. Ba kasafai ake waiwayar ƙafar talakan da ya noma shinkafa a fadamar Rima ba, alhali da ita aka ci da ƙasar. Cikin cututtukan da suka addabi wannan ƙafa akwai wani tsiro mai tauri da ke fitowa a tafinta, da baƙaƙen ɗigo-ɗigo a tsakiyarsa. Mai shi in ya taka ƙasa sai ya ji kamar tsakuwa ce ta shige masa.

A da akan ce an taka sammu ne. Sai a 1907 wani likitan Italiya mai suna Ciuffo ya nuna cewa ƙwayar cuta ce wadda ake iya ɗauka daga wani, wadda yanzu ake kira HPV. Takan shiga ta faso ko ƙaramin yanka, musamman in fata ta jiƙe ta yi laushi. Ke nan ba mamaki ta yawaita ga Sarkawa masunta da manoman fadama, masu wuni cikin ruwa ba takalmi.

Ina yaro a Birnin Kabi na yi fama da shi. Wanzamin gidanmu ya jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ya kankare taurin da aska har ya kusa jini, ya shafe kewayen da man shanu, sannan ya ɗiga nonon tumfafiya da tsinke a kan tsiron kaɗai. Haka ya yi ta yi har abin ya bushe ya faɗi. Wasu kan yi amfani da ƙaron ɗanyar gwanda ko dakakkiyar tafarnuwa. Tinya kuwa sai ƙwararre, domin nononta yana cin nama. Dokta J. M. Dalziel, likitan Turawan mulki, ya tattara sunayen itatuwanmu a littafinsa na 1916, ya kuma bayyana amfaninsu a na 1937.

Duk waɗannan ƙone tsiron suke yi, kamar yadda maganin asibiti na salisilik, wanda asalinsa daga ɓawon itace ne, yake yi. Ya kamata a sani kuma cewa ga yara, kusan biyu cikin uku na irin wannan tsiro kan ɓace da kansa cikin shekara biyu, don haka wani yabon na jiki ne, ba na magani ba.

Gwanintar wanzami tana ga sanin gwargwado. Na san wani dattijo a Argungu mai ciwon suga da ya shafa wa kansa tinya, ya koma gyambo, aka yanke masa yatsu. Nonon tumfafiya ma in ya shiga ido yana iya lalata gani.

Sunayen itatuwan suna nan a rubuce, amma sanin gwargwadon yana tafiya kabari tare da masu shi. Ina kira ga malaman makaranta su zauna da tsofaffin wanzamai su rubuta abin da suka sani, su kuma gargaɗi yara kada su gwada da kansu. Mai ciwon suga kuwa, asibiti ya nufa. Allah Shi ne mai warkarwa.