Homa da Gora: Abin da Argungu Ta Yarda A Kama Kifi da Shi

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta binne tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karrama baƙonsa da gagarumin su, kuma daga nan bikin kamun kifi na rafin Matan Fada ya samo siffarsa ta yau.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne kayan aikin da al'ada ta yarda da su. Masunci ba ya shiga ruwa da taru ko ƙugiya. Homa ce kawai, wato komar hannu, sai gorar da yake dafawa ya yi iyo. Homa ba ta share rafi. Sai mutum ya nutsa, ya lalubo giwan ruwa, ya rufe shi da ita. Sauran watannin shekara kuwa Sarkin Ruwa kan hana su a wurin, kifi ya samu sararin hayayyafa.

Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016. Yanzu da komar nailan mai ƙananan idanu ke kwashe har 'ya'yan kifi a koguna, dalilin wannan tsohuwar doka ya fito fili.